Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishina da Tawagar Masu Binciken Gubar Dalma a Anka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki. Iyayen ƙasa, malamai, shehunan malaman jami'a da suka rako babban baƙonmu, iyayenmu mata da ke can gefen rumfa, muna yi muku barka da zuwa. Wanda ya biyo hanyar Gusau zuwa Anka a wannan zamani bai zo yawon buɗe ido ba. Mun san abin da ake fama da shi a hanya, shi ya sa muka ɗauki zuwanku da girma. Sannunku da hanya.

Ranka ya daɗe, an gaya mana cewa a tawagarku akwai likita, akwai masanin ƙasa da duwatsu, akwai injiniya. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta, domin mu nan mun san amfanin irin wannan haɗuwa, kuma da tsada muka san shi.

A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a Dareta, Abare, 'Yargalma da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro yana wasa da safe, da yamma sai amai da jijjiga. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro, wasu kuwa suka nufi wajen masu maganin iska. Likitocin MSF, ƙungiyar agaji ta likitocin ƙasa da ƙasa, suka ba da maganin zazzaɓi, bai yi ba. Sai da aka auna jini aka gano dalma ce. Yara sama da 400 muka binne.

Ta ina ta shigo? Ta ƙofar gida, a cikin buhu. Zinariya ta yi tsada, maza suka riƙa kawo dutse gida. Ni da idona na ga ƙanwata tana daka dutse a turmin da take surfen gero, goyonta a baya, ƙura tana sauka a tsakar gida inda ɗan yayenta yake rarrafe. Hannu a ƙasa, hannu a baki. Ba wanda ya san dutsen nan cike yake da dalma, irin baƙin dutsen nan mai walƙiya da ake yin kwalli da shi.

Abin da ba na mantawa shi ne ranar da aka ce mana magani kaɗai ba zai wadatar ba. Ran iyaye ya ɓaci: ga yaro a kwance, ga magani a hannu, mene ne kuma? Sai likita ya yi bayani cewa in an wanke jinin yaro aka mai da shi gidan da ƙasarsa ke da guba, an yi aikin baban giwa. Dole sai masu ilimin ƙasa sun shigo. Injiniyoyin TerraGraphics daga Amurka suka zo da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, a ɗora bakinta a ƙasa, nan take lamba ta fito. Ma'aunin da suke aiki da shi a lokacin shi ne kada dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wuraren an samu sama da 100,000, wato kashi goma cikin ɗari na ƙasar wurin dalma ce. Ita kuwa na'urar auna dalmar jini a lamba 65 take tsayawa, kuma jinin yaranmu da yawa ya wuce abin da take iya karantawa. Ku kwatanta da ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, wadda ta ce da dalmar jini ta kai 5 a fara neman inda gubar take fitowa.

Haka aka bi gida-gida da shebur da baro, ana kankare saman ƙasa, ana zuba sabuwa. Sarakuna suka sa baki aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari, malamai suka yi ta faɗa a huɗuba. Bagega ta jira har 2013 kafin a share ta. A 2015 irin wannan masifa ta sake ɓulla a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Binciken bai tsaya nan ba. Wani gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2019 ya nuna cewa fesa ruwa a bakin injin niƙa, da wanka da sauya tufafi kafin a koma gida, sun rage dalmar jinin masu haƙa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ruwa da sabulu ne fa, ba wani abin da sai an yi odarsa daga Turai ba. Sannan a 2023 masana na Bankin Duniya suka ƙiyasta cewa a 2019 dalma ta yi sanadin mutuwar manya miliyan 5.5 a duniya ta hanyar ciwon zuciya da jijiyoyin jini. Ashe ba yara kaɗai take ci ba, mu ma masu furfura muna cikin lissafi.

Yanzu ga kukanmu, ranka ya daɗe. MSF ta miƙa aikin ga hukuma a 2022. An ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamban 2024, injinan niƙa za su ƙaru ne, ba raguwa ba. Muna roƙon na'urar auna jini da ta auna ƙasa su zauna a nan kusa, da 'ya'yanmu da aka koya wa sarrafa su. Su kuma shehunan malamai, da ladabi nake faɗa: an sha zuwa a ɗebi jininmu da ƙasarmu a tafi, sai dai mu ji labari an buga da Turanci. A wannan karon ku dawo ku gaya wa uwar yaro abin da kuka gani, da Hausa.

Ɗan yayen nan da na ce yana rarrafe ya rayu, yau saurayi ne, amma karatu ya gagare shi, magana ma sai a hankali. Yana nan zaune a layi na biyu, shi ya ce a kawo shi ya ga baƙi. In an tashi, muna so ku gaisa da shi kafin mu wuce wurin niƙa.

Bismillah, Mai Girma Kwamishina, ga abin magana.