Amsoshin Tambayoyinku: Daga Nome zuwa Kotzebue, tafiyar minti nawa ce a jirgi?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani mai sauraro da ya ce ya ga garuruwan Nome da Kotzebue a taswirar jihar Alaska ta Amurka, dab da juna kamar maƙwabta. Yana son sanin nisan da ke tsakanin filayen jirginsu, da kuma lokacin da jirgi ke ɗauka.

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Idan aka miƙe a sama, nisan ya kai kimanin kilomita 295. Su matuƙa jirgi da mil ɗin teku suke lissafi, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, don haka a bakinsu za ka ji mil 160. Kowanne daga cikin garuruwan nan mutanensa ba su kai dubu huɗu ba, kuma babu titin mota da ya haɗa su da juna, ko da sauran jihar. Shi ya sa jirgi a wurinsu ba kayan alatu ba ne. Shi ke kawo magani, shi ke kawo wasiƙa, shi ke ɗaukar mara lafiya.

Amma lokaci, a nan ne maganar take. Nisa ba ya canzawa, lokaci kuwa ya danganta da jirgin da ka hau. Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, irin Cessna Caravan da kamfanin Bering Air ke amfani da shi a yankin, yana ɗaukar fasinja tara, yana gudun wajen kilomita 300 a awa. Ka ga ke nan tafiyar awa guda ce, ko kusa da haka.

Sai kuma iska, wadda mutane da yawa ke mantawa da ita. A ce tana kaɗowa daga gaba da ƙarfin kilomita 50 a awa: gudun jirgin a kan ƙasa ya koma 250, tafiyar ta zama minti 71. In daga baya take turo shi, minti 51 ya ishe shi. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, amma bambancin minti ashirin tsakanin zuwa da dawowa. Ga hazo da ke tasowa daga tekun Bering, wanda kan sa fasinja ya wuni zaune da jakarsa a ƙafa, yana leƙen taga ko sama za ta washe.

Abin da ya fi muhimmanci ka duba, Malam, shi ne ko akwai jirgi kai tsaye ranar da kake so. In babu, sai an bi ta birnin Anchorage: kusan kilomita 870 daga Nome, sannan wajen 880 zuwa Kotzebue. Tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba ta zama 1,750, ban da zaman jira a filin jirgi. Saboda haka in ka ga lissafin nisa a intanet, ka nemi jadawalin kamfanin kafin ka tsayar da ranar tashi.

Sai mu buɗe wasiƙa ta biyu.