Wa ya cinye rezon gidan nan?

Ƙarfe takwas da rabi na dare, a wani gida da ke unguwar Yelwa cikin Garwa. An yi isha'i, an ci tuwo, zafin ɗaki ya koro kowa tsakar gida. Baba na kan tabarma, ya kira babbar 'yarsa da ke aure a Duwala ta WhatsApp.

"Alo? Alo, kina jina?"

Murya ta zo, ta yanke, ta dawo kamar daga cikin randa. Ya ɗaga wayar sama, ya miƙe tsaye, ya matsa gindin darbejiya. Da abin ya ishe shi sai ya daka tsawa: "Kai, wa ya cinye rezon nan?"

Ku dubi gefe. Inna da jikoki sun zagaye waya ɗaya suna kallon fim ɗin Hausa a YouTube, hoto tas, ko tuntuɓe ba ya yi. Akwatin wifi ɗaya suke sha da Baba. To me ya sa fim, mai cin data kamar gara, yake tafiya lafiya lau, amma kiran murya, wanda bai taka kara ya karya ba, shi ne yake shaƙewa?

Mu fara raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Forfe, wato datar da kake saya, ko na MTN ne, ko Orange, ko Camtel, yawan ruwan da ke cikin tanki ne. Gudun intanet kuwa faɗin bakin famfo ne, ana auna shi da megabit a sakan ɗaya, abin da kuke gani an rubuta Mbps. Ka ninka forfe sau goma, bakin famfon yana nan yadda yake. Shi ya sa wani zai ƙara kuɗi ƙarshen wata, ya dawo ya tarar da rigimar na jiransa.

Mu ɗauka da dare akwatin gidan yana samun megabit 6. YouTube da kansa ya faɗi megabit ɗin da kowane matakin ingancin hoto yake bukata: hoton 480p yana son wajen 1.1, na 720p yana son 2.5, na 1080p yana son 5, shi kuwa 4K sai 20. Wayar Inna kaɗai, idan ta hau 1080p, ta kwashe biyar cikin shida. Sauran mutanen gida su yi kokawa a kan ɗaya.

Amma lissafin bai ƙare nan ba, domin kiran murya ko rubu'in megabit ɗaya ba ya ci. Da yawa ne kawai matsalar, da ragowar ta ishi Baba. Abin da ke kashe kiransa layi ne.

Duk wanda aka taɓa aike injin niƙa ya san wannan. Ka zo da ɗan kwanon tattasai da tumatir, ana jiranka a ɗora miya, sai ka tarar wata baiwar Allah ta riga ka da buhun dawa na biki. Markaɗenka minti ɗaya ne, amma sai buhun ya ƙare. Ita ba ta da gaggawa, bikin sai jibi. Kai ne tukunyarka ke kan wuta.

Haka bidiyo yake. Ba ya karɓar hoto kaɗan-kaɗan daidai da yadda kake kallo. Yana jawo babban yanki a lokaci ɗaya, ya tara na daƙiƙu masu yawa a gaba, ya huta, ya sake jawowa. Wannan farin layin da ke tsere a gaban jan layi a ƙasan bidiyo, shi ne rumbunsa. Idan hanya ta toshe na sakan biyu, Inna ba za ta sani ba, tana ci daga rumbu. Kuma kwaɗayi gare shi: da ya ga hanya ta buɗe, sai ya ƙara ingancin hoto da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba.

Kira ba shi da rumbu. Ba a tara gaisuwar da ba a yi ba tukuna. Masana harkar tarho sun daɗe da sa ma'auni: idan murya ta isa cikin milisakan 150, hira na tafiya daidai, idan ta haura 400, mutane sun fara yi wa juna katsalandan. Kalmar da ta makara ta zama shara, manhajar jefar da ita take yi. Yankewar da Baba yake ji ke nan.

Wani injiniya ɗan Amurka, Jim Gettys, ya ci karo da wannan a gidansa, kuma a 2010 ya raɗa masa suna bufferbloat, wato kumburin layin jira. Na'urorin suna da wurin tara saƙonni mai girma fiye da kima, sai layi ya yi tsawo, ƙaramin saƙo ya tsaya a bayan manya.

Yanzu ga ɓarawon da ba a zargi. Baba ya leƙa ɗakin auta.

"Kai ne ko?"

"Wallahi Baba ba na kallon komai, wayar ma caji take."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai jiya ya ɗauki bidiyon ɗaurin aure na minti ashirin, kuma wayar, da ta ji wifi, ta shiga tura shi Google Photos a ɓoye. Hanyar turawa yawanci ta fi ta saukewa ƙunci. Idan ta cika, muryar Baba ba ta samun fita, har ɗan saƙon da kowace waya ke mayarwa cewa "na karɓa, ƙaro" shi ma sai ya bi layi. Waya ɗaya a kan caji ta durƙusar da gida.

Dalili kuwa, waɗanda suka ƙera wayoyin nan sun ɗauka duk inda aka ce wifi, to teku ne. Aikin da waya ta ƙi yi da datar sim, irin sabunta manhajoji da adana hotuna, tana ajiye shi sai ta samu wifi. Ba ta san cewa akwatinmu ma sim ne a cikinsa ba, da forfe mai ƙidaya.

Kuna iya ganin abin da idonku. Ku buɗe fast.com, ku bari ya gama, ku danna wurin ƙarin bayani. Zai nuna jinkiri iri biyu, na lokacin da hanya take wayam da na lokacin da take ɗauke da kaya. Idan na farko milisakan 50 ne na biyu ya tashi ɗaruruwa, kun ga layin injin niƙa.

Gyaran da ya fi kowane sauƙi shi ne rage ingancin hoto. A fuskar waya mai inci shida, ni dai ban ga abin da 1080p ya fi 480p da shi ba har da za a hana dattijo gaisawa da 'yarsa. Ku yi lissafi: megabit 5 na awa ɗaya ya haura giga 2, shi kuwa 1.1 wajen rabin giga ne. Amma kada ku sauya a kan bidiyon da ake kallo kawai, na gaba zai koma halinsa. Ku shiga saitin YouTube, wurin ingancin bidiyo, akwai zaɓi daban na datar waya da na wifi. Na wifin za ku mayar kan tsimin data. 

Sannan ku gaya wa na'urorin gaskiya. A Android, cikin saitin wifin gidan, ana iya nuna cewa mai ƙidaya ne. A kwamfuta mai Windows ta Faransanci sunansa connexion limitée. Ku kashe saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp, musamman masu zama a zaurukan dangi goma. Abu mai nauyi a bar shi sai bayan asuba. Idan kuma mutum huɗu ke son bidiyo ɗaya, ɗaya ya sauke ya tura wa sauran ta Xender, wannan ba ya taɓa forfe.

Sai shi kansa akwatin. Ku juya bayansa, akwai adireshi da kalmar sirri a rubuce. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, wasu 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ku rubuta adireshin a burauzar waya, ku shiga ku ƙirga wayoyin da ke haɗe. Mutanen gida bakwai, wayoyi goma sha ɗaya? To yaran maƙwabta na gaishe ku. A sauya kalmar sirri.

Idan kun ga QoS a ciki, wato saitin tsara wa zai fara wucewa a layi, kun samu mai inji mai hankali, wanda zai dakatar da buhu ya ce yarinya kawo kwanonki. Wasu akwatunan suna bari a yanka wa kowace waya iyaka, wasu a fifita guda. Idan ya nemi gudun layinku, ku ba shi ƙasa kaɗan da abin da kuka auna da dare, ba na safe ba, don layin ya taru a hannunsa inda zai iya tsara shi. Ƙananan na aljihu da yawa ba su da wannan, sai haƙuri da dokar gida.

A ɗora shi sama kusa da taga, ba bayan talabijin ba, ba kuma inda ranar Afrilu za ta gasa shi ba. Wayar da ke can ƙuryar gida da sandar wifi ɗaya tana jan lokaci kafin ta gama karɓar nata, kowa kuma jiranta yake.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida. Eriyar unguwa ma rabawa ake yi. Ku auna da waya ɗaya ƙarfe shida na safe, ku sake ƙarfe tara na dare, sauran duk a kashe. Idan ya faɗi warwas, cunkoson daga waje ne, balle daren da Kamaru ke buga ƙwallo.

Mu koma tsakar gida. An mayar da fim ɗin Inna 480p, ba ta ma lura ba, hankalinta na kan ko za a mayar da auren. Auta ya tsayar da turawa. Baba ya sake kira.

"Salamu alaikum. Yanzu kina jina?"

"Ina jinku sarai, Baba. Ina wuni? Ga jikanku nan yana ta ƙwace wayar."

"To ba shi, ba shi mu gaisa."