Takobin Dutse da Excalibur: Ɗaya Ne ko Biyu?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan hoton da kuke gani, yaro siriri ya kama ƙotar takobi, haske yana sauko masa daga sama, shi ne ya tayar da gardama. Wasu sun dage cewa takobin nan shi ne Excalibur, shahararren takobin Sarki Arthur na tatsuniyoyin Birtaniya, wasu sun ce sam ba shi ba ne. To ku gyara zama.

Fim ɗin dai The Sword in the Stone ne, na kamfanin Disney, wanda ya fito a 1963, an ɗauko shi daga littafin T. H. White na 1938. Sarkin Ingila ya rasu babu magajin da aka sani, sai ga takobi a kafe, an ce duk wanda ya zare shi shi ne sarki. Ga maraya Arthur yana wankin kwanuka a gidan Sir Ector, ga tsohon matsafi Merlin da mujiyarsa mai baƙar magana. Ya mayar da yaron kifi, ya mayar da shi kurege, ya mayar da shi tsuntsu, duk don karatu ya shiga. Wannan kun gani da idonku, mu wuce.

Yawwa, a tsaya nan. Ku dubi inda takobin ya shige da kyau. A cikin uwar maƙera yake, ita kuma tana zaune a kan dutse, a harabar coci a Landan. Yaron nan ba sarauta ya zo nema ba. Ya manto takobin Kay, ɗan Sir Ector, a masauki ranar gasa, ya koma ya tarar an kulle ƙofa, sai ya hango wannan ya ce bari ya ara. Ni wannan wurin ne ya fi taɓa ni a fim ɗin gaba ɗaya: ƙarti sun yi ta gumi a banza, shi kuwa tsoron faɗa ne ya kai shi.

Aikin wannan takobin shaida ne. Kamar sandar girma yake, wadda ake miƙa wa sarki don kowa ya san shi ne. Da an zare shi, ya gama abin da aka ajiye shi dominsa, shi ya sa fim ɗin ma ya ƙare jim kaɗan bayan haka.

Daga nan hotunan fim sun ƙare mana, sai zanen tsofaffin littattafai, don haka zan ɗan sassauta.

A littafin Thomas Malory, wanda aka buga a 1485, Arthur ya riga ya hau gado lokacin da ya gwabza da Sarki Pellinore, takobin hannunsa ya karye gida biyu. Da ba don Merlin ya sa wa Pellinore barci ba, da labarin ya ƙare a nan. Bayan ya yi jinya, Merlin ya kai shi bakin wani tafki. Ga shi nan a zanen: hannu ya ɓullo daga tsakiyar ruwa, sanye da farin alharini, riƙe da takobi. Matar da ke da tafkin ta ba shi izini, ya shiga kwalekwale ya karɓo. Wannan shi ne Excalibur. Ka ga takubba biyu ke nan, na dutse da na ruwa.

To me ya kawo ruɗanin? Masu cewa ɗaya ne ba su faɗi ƙasa banza ba. Geoffrey na Monmouth, da ya rubuta tarihin sarakunan Birtaniya a wajajen 1136, ya ce sunan takobin Arthur Caliburnus, sunan da daga baya ya koma Excalibur, an ƙera shi a tsibirin Avalon, bai kawo zancen dutse ko kaɗan ba. Dutse da maƙera sun shigo ne a wajajen 1200, ta hannun wani mawaƙin Faransa, Robert de Boron. Marubutan Faransa da suka biyo shi, wasu suka ce na dutsen shi ne Excalibur, wasu suka ƙaro labarin tafki. Malory ya kwaso daga ɓangarorin biyu, har akwai wurin da ya kira takobin farko Excalibur tun Arthur bai je tafkin ba. Gardamar nan ta haura shekara 500.

Idan kun tambaye ni, na fi son riwayar takubba biyu, saboda kube. Suna barin tafki Merlin ya tambayi Arthur wanne ya fi so, takobin ko kubensa. Ya ce takobin, kamar yadda kowane saurayi zai ce. Merlin ya gaya masa kuben ya fi irin wannan takobi goma, domin muddin yana rataye da shi, komai saran da ya sha jini ba zai zuba ba. 'Yar'uwarsa Morgan le Fay ta san haka. Ta sace kuben ta wurga shi cikin ruwa, ba a sake ganinsa ba. A yaƙin Arthur na ƙarshe da Mordred, wanda ya ƙwace masa gadon sarauta, Excalibur na nan tare da shi, amma babu kube, kuma raunin da ya samu a ka ranar shi ne ya kawo ƙarshen mulkinsa.