Jawabin Maraba ga Sherif Ed Gonzalez daga Hausawa Mazauna Houston, wanda aka gabatar kafin zaɓen Nuwamban 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu, Sherif Ed Gonzalez na gundumar Harris. Malamanmu da limamai. Iyayenmu maza da mata. Da 'yan'uwan da suka taso daga Alief da Katy da Cypress, wasu ma kai tsaye daga aikin dare da rigar asibiti a jikinsu, barkanku da zuwa. Yallaɓai, lale marhabin da kai. Tafinta na kusa da kai, don mun fi so mu yi maka maraba da harshen iyayenmu.

Jama'a, baƙon namu ɗan Houston ne haihuwa da tashi, kuma a Jami'ar Houston ta tsakiyar gari ya karanta fannin shari'ar manyan laifuka. Shekara 18 ya yi a rundunar 'yan sandan birnin nan. Da ya shige ta, ma'aikacin farar hula ne, daga baya ya sa kaki har ya kai sajan. Ya yi binciken kisan kai, ya kuma zauna cikin jami'an da ake kira idan wani ya yi garkuwa da mutane, su yi ta lallashi har a sako su lafiya. Wannan aiki na mai haƙuri ne, mai iya bakinsa, kuma ni a tarihinsa nan ne ya fi shiga raina. A 2009 aka zaɓe shi kansila a majalisar birni, inda ya taimaka aka buɗe cibiyar da ake kai mashaya su wartsake maimakon a jefa su gidan yari. A 2016 ya tsaya takarar sherif ya ci, ya sake ci a 2020, ga shi yana neman zango na uku ranar 5 ga Nuwamba, 2024.

Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa ba: a gida, daga Abuja ake turo kwamishinan 'yan sanda, ba a tambayi kowa ba. A nan ƙuri'a ce ke naɗa sherif duk bayan shekara 4. Gidan yarin gunduma a hannunsa yake, haka ma sintirin unguwannin da ke wajen iyakar birni, inda da yawanmu muka sayi gidaje, a gundumar da mutanenta suka haura miliyan 4.7.

Yallaɓai, yaba kyauta tukuici. A Fabrairun 2017, wata biyu bai cika da hawanka ba, ka soke shirin 287(g), wanda ya sa jami'an gidan yari yin aikin hukumar shige da fice. Mun sani dokar jihar Texas ta SB4 ta biyo baya a shekarar ta ɗaure maka hannu a wasu wurare, amma matakin ya rage fargaba. Matar da mijinta ke duka, ko direban da aka yi wa fashi, idan yana tsoron a tambaye shi takardu, ba zai kira 911 ba, ɓarawo kuwa ya samu gari. Mun kuma ga jami'anka cikin kwale-kwale lokacin ambaliyar Harvey a watan Agustan 2017. Ba mu manta da Sandeep Dhaliwal ba, jami'in nan mabiyin addinin Sikh da ofishin ya bari tun 2015 ya yi aiki da rawaninsa da gemunsa, aka harbe shi a bakin aiki a Satumbar 2019. Yadda ka tsaya da iyalinsa ya nuna wa 'ya'yanmu masu gemu da masu hijabi cewa su ma suna da wuri a aikin nan.

Sai dai akwai abin da ke damunmu, kuma ba za mu ɓoye maka ba. Gidan yarin ya cika ya batse, har ana kai tsararru wasu jihohi irin su Louisiana da Mississippi, nesa da lauyoyinsu da danginsu. Mutane sun mutu a tsare, hukumar jiha mai duba gidajen yari kuma ta ce ba a cika ƙa'ida ba. Mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke, kotu ba ta same su da laifi ba tukuna, da dama kuma masu taɓin hankali ne da asibiti ya fi dacewa da su. Mun san cunkoson shari'u a kotuna na da nasa kaso, amma makullin yana hannunka. Muna so mu ji daga bakinka abin da za ka yi a kai, da kuma yadda Musulmin da ke tsare zai samu abincin halal da sahur a kan kari da azumi.

Taron nan bai ɗauki ƙuri'ar kowa ya ba wani ba, kowa zai auna da kansa. Wanda ya zama ɗan ƙasa kuma ya yi rajista, ana fara zaɓen wuri, wato jefa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe, ranar 21 ga Oktoba, 2024. Wanda bai zama ba, kada ya kusanci akwati, domin laifi ne da zai iya sa a kore shi daga Amurka.

Yallaɓai, iyayenmu mata sun tanadar maka masa da miyar taushe, amma sai ka amsa tambayoyin jama'a tukuna. Allah ya tsare ka da jami'anka. Bismillah, ga lasifika.