Hotunan da Suka Tsallaka Teku: Yadda Ake Karanta Albam na Iyalan Lituweniya

Masu kallo barkanmu da warhaka. A birnin Shikago, da garuruwan haƙar kwal na jihar Pensilbaniya, da wasu ƙananan garuruwa na kusa da Glasgow a Sikotland, akwai gidajen da za ka tarar da gwangwanin biskit ko kwalin takalmi cike da tsofaffin hotuna. Maza sun ƙame cikin kwat, mata da fararen riguna, yara an jera su daga babba zuwa ƙarami, ba mai murmushi. A bayan hoton akwai rubutu da yaren da ba wanda ke ji a gidan yanzu. Iyalan da kakanninsu suka fito daga Lituweniya ke nan, ƙaramar ƙasar da ke gaɓar Tekun Baltik, mai mutane ƙasa da miliyan 3. Yawancin hotunan nan ba don ado aka ɗauke su ba. Saƙo ne. Kusan kowane ɗaya an ɗauke shi ne domin wani mutum da ke ƙetaren teku, kuma sai ka gano wane ne aka nufa da shi kafin ka fahimci abin da hoton ke faɗi.

Tun 1795 mafi yawan ƙasar Lituweniya tana ƙarƙashin Sarkin Rasha. A 1861 aka 'yanta manoman da ke ɗaure da gonakin iyayen gidansu, sai dai 'yancin bai zo da isasshiyar gona ba. Aka yi bore a 1863, aka murƙushe shi, yunwa ta biyo baya a 1867 da 1868, daga 1874 kuma aikin soja ya rataya a wuyan samari. Saurayin da ba shi da gadon gona, ga takardar soja tana jiransa, me zai zauna yi? Sai ya biya ɗan fito a tsallaka da shi iyakar Jamus da dare, ya nufi tashar jirgin ruwa ta Hamburg ko Bremen. Daga 1899, lokacin da Amurka ta fara ƙirga su a matsayin ƙabila mai zaman kanta, zuwa 1914, fiye da mutum 250,000 aka rubuta sun shiga.

Abin da ya ɗaga darajar hoto a wurinsu shi ne maganar rubutu. Daga 1864 zuwa 1904 hukumar Rasha ta haramta buga littafi da yaren Lituweniya cikin baƙaƙen Latin. Shekara 40 cur, sai dai a buga a ƙasar Jamus a shigo da shi a ɓoye, wanda aka kama kuma ya sha ɗauri ko a tura shi Saiberiya. Iyaye mata da yawa sun koya wa 'ya'yansu karatu a gida da littafin addu'a, amma rubutu wani abu ne daban. Kusan rabin waɗanda suka sauka a Amurka a wancan zamani an rubuta su a matsayin marasa karatu da rubutu. Wasiƙa sai ka nemi mai rubuta maka, uwarka a ƙauye ita ma sai ta nemi mai karanta mata, sirrin gida ya bi ta hannun mutum biyu. Hoto kuwa ba ya bukatar tafinta. Tsohuwa ta kalla ta ga ɗanta yana raye, bai rame ba, hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu suna nan.

Kar ku ɗauki maganar hannuwa da ƙafafu da wasa. Wanda ya sauka a Shenandoah ko Mahanoy City ko Scranton, ramin kwal ya shiga, inda rufi ke ruftawa, iskar gas ke fashewa, ƙura kuma ta cinye huhu a hankali. Wanda ya zarce Shikago, mayankar dabbobi ta Union Stock Yards ce ta karɓe shi, aikin wuƙa cikin jini da sanyi. Littafin The Jungle na Upton Sinclair, wanda ya fito a 1906 ya tayar da ƙura har aka yi dokar duba nama a shekarar, labarin iyalin 'yan Lituweniya ne a wannan unguwa, kuma da bikin aurensu ya buɗe. Amma ka juye gwangwanin hotunan nan duka, da wuya ka ga mutum ɗaya da baƙin kwal a fuska. Abin da za ka gani shi ne kwat mai maɓalli, sarƙar agogon aljihu, kujera mai sassaƙa, da labulen da aka zana ginshiƙai da furanni a jiki. Kujera da labule na mai hoto ne, kwat ɗin ma wani lokaci aro ce. Kamar dai ɗan ci-ranin da ke kwana a rumfar kasuwa, amma idan zai aika hoto gida sai ya sa shaddarsa ta Salla. Ni ban kira wannan ƙarya ba. Mutum ne yake kwantar wa uwarsa da hankali, ko yake nuna wa yarinyar da ya bari cewa ya isa ya aiko mata da kuɗin jirgi. Sai dai jikan da ya ɗauki hoton a matsayin shaidar yadda kakansa ya rayu, ya yi kuskuren karatu.

Akwai wani irin hoto da ke girgiza jikokin yau idan suka ci karo da shi: akwatin gawa a buɗe, an ɗan jingina shi, dangi sun kewaye shi a ƙofar gida ko gaban coci, kowa na kallon mai hoto. Al'ada ce da ta daɗe a ƙauyukan Lituweniya, ta kuma bi su har Amurka. Dalilinta a fili yake. Ɗan da ke Pensilbaniya ba zai taɓa zuwa jana'izar ubansa ba, labarin ma sai bayan makonni zai same shi. Hoton shi ne rabonsa na jana'izar. Ga mai binciken dangi kuwa, babu hoton da ya kai shi amfani, domin a ranar ce kawai 'yan uwa na nesa da na kusa suke taruwa a tsaya wuri ɗaya.

To yaya ake sanin shekarar hoto idan ba a rubuta ba? A fara da kwalin. Hoton da aka manna a kan kwali mai kauri, da sunan mai hoto da garinsa a ƙasa, yayinsa ya yi ƙarfi daga wajen 1870 zuwa farkon shekarun 1900. Idan sunan garin da baƙaƙen Rashanci ne, kamar Kovno ko Vilna, kusan tabbas an ɗauke shi kafin sojojin Jamus su mamaye ƙasar a 1915. Idan an rubuta Kaunas, wato sunan Kovno da yaren Lituweniya, mai yiwuwa bayan samun 'yanci ne na 16 ga Fabrairun 1918. Idan Wilno ka gani da rubutun Polan, ka fara duba tsakanin 1920 da 1939, lokacin da Polan ke riƙe da birnin Vilnius. Daga baya aka koma wanke hoto a takarda mai bayan katin gidan waya, da gurbin manna kan sarki. Idan a Amurka aka yi katin kuma layi ya raba bayansa biyu, ɓangaren saƙo da ɓangaren adireshi, to bai girmi watan Maris na 1907 ba, domin a lokacin ne aka halatta hakan.

Sunan mace da aka rubuta a baya shi ma yana magana. A yarensu, idan sunan gidan namiji Kazlauskas ne, matarsa Kazlauskienė ce, 'yarsa da ba ta yi aure ba kuma Kazlauskaitė. Da ƙarshen suna kaɗai za ka bambanta 'yar gida da matar ɗa, ka kuma san ko kafin aure aka ɗauki hoton ko bayansa. Wannan bambanci yakan ɓace da zarar iyali sun zauna a Amurka ko Birtaniya.

A nan ne ake samun saɓani tsakanin hoto da labarin baka. Gida nawa ne ake cewa jami'in tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙin da suka sauka a New York, shi ne ya sauya mana suna? Masu tarihi sun bi diddigin wannan magana, ba ta tsaya ba. Kamfanin jirgi ne ke rubuta sunayen fasinjoji tun a tashar da aka taso, jami'an tsibirin, wanda aka buɗe a 1892, dubawa kawai suke yi, da masu tafinta a gefensu. Sunan yakan gajarce ne daga baya, a bakin shugaban leburori, ko a rajistar makaranta, ko da hannun mai sunan da ya gaji da tsangwama. Haka nan takardu kan kira mutum ɗan Rasha ko ɗan Polan alhali bai taɓa ɗaukar kansa haka ba. A Sikotland, mahaƙan kwal na Bellshill da Mossend an daɗe ana ce musu 'yan Polan. Idan ka ga hoton uwa da 'ya'ya ba uba daga can, ka tuna da 1917, lokacin da yarjejeniya tsakanin Birtaniya da Rasha ta sa aka kwashi maza sama da 1,000 zuwa Rasha, mafi yawansu ba su dawo ba. Ranar haihuwa ma takan bambanta da kwana 12 ko 13 tsakanin takarda da takarda, saboda tsohuwar kalandar da Rasha ke bi.

Ba Kiristoci kaɗai suka yi wannan tafiya ba. Akwai Tatar, Musulmin da suka zauna a Lituweniya fiye da shekara 600 tun zamanin sarki Vytautas. Wasunsu sun sauka a Brooklyn, suka kafa ƙungiya a 1907, masallacinsu na titin Powers yana nan har yau. Akwai kuma Yahudawa masu ɗimbin yawa da suka nufi Amurka da Afirka ta Kudu.

Labarin Yahudawan ne ya fi nuna nauyin hoton da aka aika waje. A ranakun 25 da 26 ga Satumban 1941, sojojin Nazi na Jamus da 'yan ƙasa masu taimaka musu suka harbe Yahudawan garin Eišiškės, kusan mutum 3,500. Wata yarinya da ta tsira, Yaffa Eliach, jikar masu shagon hoto ce a garin. Da ta girma ta zama malamar tarihi, ta kwashe shekaru tana bin zuriyar mutanen garin ƙasa-ƙasa tana neman hotuna. Kimanin 1,000 daga cikin abin da ta tara suna jere a wata doguwar hasumiya a gidan tarihin kisan Yahudawa da ke Washinton: bukukuwan aure, 'yan makaranta, masu wanka a rafi. Da yawa sun tsira ne saboda an sa su a ambulan an aika wa ɗan uwa a ƙetare tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu.

Yaƙin ya haifar da wani sabon albam. Tarayyar Sobiyet ta mamaye ƙasar a 1940, a watan Yunin 1941 aka loda mutane kusan 17,000 a taragon dabbobi aka yi gabas da su, kafin 1953 waɗanda aka kora sun haura 100,000. Da sojojin Sobiyet suka dawo a 1944, dubun-dubatan mutane suka gudu yamma, malamai da likitoci da ma'aikatan gwamnati a cikinsu. Hotunansu ƙanana ne, an ɗauka a gaban barikoki a sansanonin 'yan gudun hijira na Jamus, 'yan mata da kayan gargajiya, ɗalibai a ajin wucin gadi. Dokar Amurka ta 1948 ta buɗe wa kimanin 30,000 ƙofa. Cikin waɗanda suka isa Shikago a 1949 akwai Valdas Adamkus, wanda ya koma gida ya zama shugaban ƙasa a 1998. Waɗanda suka rage a gida kuwa, ajiye hoton ɗan uwa da kakin tsohuwar rundunar ƙasar, ko na ɗan tawayen daji, na iya jawo wa gida bala'i. Wasu sun ƙona, wasu sun binne, wasu sun yanke fuska ɗaya da almakashi. Shi ya sa bayan ƙasar ta ayyana 'yancinta ranar 11 ga Maris na 1990, ya zamana wani lokaci sai dangin Amurka ne ke mayar wa na gida hoton kakansu.

Wanda ya gaji irin wannan gwangwani, sunan ƙauye ne babban abin nemansa, domin rajistar baftisma da aure a coci-coci aka riƙa rubuta ta. Takardun fasinjojin jirgi daga 1907 suna ɗauke da suna da adireshin ɗan uwa mafi kusa da mutum ya bari a gida, takardun zama ɗan ƙasar Amurka kuma daga 1929 suna da hoton mai su, wanda za a iya gwadawa da fuskokin da ba a sani ba. Da sunan ƙauye a hannu sai a nufi Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Vilnius, ko gidan tarihi na Balzekas da aka kafa a Shikago a 1966. Rajistocin da yawa an sa su a intanet, sai dai da Latin ko Rashanci ko yaren Polan aka rubuta su. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne a ɗauki fuskar hoto da waya a watsa, a bar bayansa, alhali sunan mai hoto da gari da rubutun hannu duk a can suke. A ɗauki gaba da baya. Kar a ɓanɓare wanda aka manna da gam, kar a yi rubutu da biro, fensir mai laushi ya wadatar. Idan kuma akwai tsohuwa a dangi da ta san fuskokin, a kai mata gwangwanin a kunna na'urar ɗaukar murya, a riƙa faɗin lambar kowane hoto kafin ta fara bayani a kansa.