Zubar da ciki: dokar Kano daban, ta Legas daban

Assalamu alaikum jama'a. Matar da ta hau mota a Kano ta sauka a Agege ko Idi-Araba a Legas, ba gari kaɗai ta canza ba, har kundin dokar da za a yi mata shari'a da shi ya canza. Yau za mu duba wannan a kan batun da ba a cika ɗaga murya a kansa ba, wato zubar da ciki.

Nijeriya ba ta da doka guda a kan wannan magana. Jihohin Arewa suna aiki da dokar laifuffuka ta Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, zamanin Sardauna. Sashe na 232 ya ce duk wanda ya zubar wa mace ciki zai iya shan ɗaurin shekara 14, sai fa idan ya yi ne da zuciya ɗaya don ceton ranta. Jihohi 12 kuma suna da dokokin Shari'a, Zamfara ce ta buɗe ƙofa. Yawancin jihohin Kudu sun gaji Kiriminal Kod ta 1916: shekara 14 ga wanda ya yi aikin, 7 ga matar, 3 ga wanda ya kawo maganin. Kun ga ke nan, Kudu da Arewa haramci ne, kuma ƙofar da aka bari ɗaya ce, idan ran uwa yana cikin haɗari.

Legas ce ta ɗan bambanta. A 2011 jihar ta yi nata kundin dokar laifuffuka, sashe na 201 ya ce likita bai yi laifi ba idan ya yi aikin don ceton ran uwa da kuma lafiyar jikinta. Wannan ƙarin, lafiyar jikinta, ba ƙaramin abu ba ne. Akwai mace mai ciwon zuciya ko na ƙoda wadda cikin ba lallai ya kashe ta yau ba, amma zai iya barin ta da nakasa har ƙarshen rayuwarta.

To amma wa zai gaya wa likita inda iyakar take? A ƙarshen watan Yuni 2022 ma'aikatar lafiya ta jihar ta fitar da wani littafin jagora ga likitoci, wanda ya fayyace lokacin da doka ta yarda da yadda za a yi aikin. Sai dai ya fito a mugun lokaci. 'Yan kwanaki kafin nan, ranar 24 ga Yuni, kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncinta na 1973 da ya ba mata 'yancin zubar da ciki, ta mayar wa kowace jiha a can ikon yin tata doka, duniya duk ana ta muhawara. Shugabannin addini a Legas suka yi ca, har da Akbishop na Katolika, Alfred Adewale Martins. Ba a kai tsakiyar Yuli ba Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da littafin. Irin haka ta taɓa faruwa a Imo, inda aka janye wani tanadin doka da ya ba da damar zubar da ciki a 2013, zamanin Gwamna Rochas Okorocha, bayan coci ta tayar da ƙura.

A lura da kyau, littafin aka dakatar, dokar 2011 tana nan daram. A ganina wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne likitan da ke aikin dare: doka ta ba shi dama, amma takardar da zai nuna idan an tuhume shi tana cikin durowa.

Batun fyaɗe fa? Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo, ta ƙasashen Afirka kan haƙƙin mata, a 2004, wadda ta nemi a ba da dama idan fyaɗe aka yi. Amma tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai majalisa ta mai da ita doka. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin kuwa, nan bayan iyakar Seme, ta sassauta tata dokar a 2021, har zuwa mako 12 bisa wasu sharuɗɗa.

Malamanmu, mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma ita ce ta fi tsanani, tana hanawa tun farkon shigar ciki. Wasu mazhabobin suna sassautawa da uzuri kafin kwana 120, lokacin busa rai. Amma idan ran uwa ne a kan siraɗi, fatawar jumhur ita ce a ceci uwa.

Haramcin bai hana faruwar abin ba. Cibiyar bincike ta Guttmacher da ke Amurka ta ƙiyasta cewa an zubar da ciki miliyan 1.25 a Nijeriya a 2012, da yawa a ɓoye, a bayan kantin magani ko da jiƙe-jiƙe.

'Yan uwa mata, ɓari daban, zubar da ciki daban, kuma yi wa mace magani bayan kowanne ba laifi ba ne a Legas ko Kano. Idan jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya taso, ko mara ta ɗauki ciwo mai tsanani, ko ana jin wari, kada a tsaya jiran maigida ya dawo daga kasuwar Mile 12. A nemi mota a nufi babban asibitin gwamnati mafi kusa, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha da lokacin da aka sha shi.