Amsoshin Tambayoyinku: Cike Kududdufai a Birnin Kano

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma kaɗan ne, saboda haka bari mu fara.

Wata baiwar Allah daga Gwale tana tambaya wa ke ba da izinin gini a Kano. Hajiya, hukumar tsara birane ta jiha ce, wato KNUPDA, kuma kafin a haƙa harsashi ake zuwa wurinta, kada a bari sai gini ya kai linta. Wani ɗalibi daga Zariya kuma ya ce ƙasa ta wane ne a doka? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka.

Sai tambayar da ta fi yawa a wannan mako. Wani magidanci ya rubuto cewa an cike kududdufin unguwarsu an yanka filaye, tun daga nan duk damina ruwa ke kwana a ɗakunansu, shin babu dokar da ta kare irin wannan wuri? Mun miƙa ta ga wani malamin tsara birane, wanda ya fara da tarihi, ya ce yawancin kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙi ƙasa don ginin gidaje da ganuwa, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 da suka wuce. Malam ya daɗe a kan ganuwa, Allah ya ƙara masa ilimi, sai da muka jawo shi ya dawo bakin ruwa.

Abin da ya ce shi ne, kududdufi rumbun ruwan sama ne: ruwa ya taru ya kwanta, ƙasa ta riƙa shanye shi a hankali, rijiyoyin unguwa su samu, abin da zai gangara rafin Jakara ya ragu. Idan aka cike shi, ruwan bai fasa zuwa ba, sai ya nemi gida mafi kwari. Bari in maimaita, domin nan ne zancen yake: cike rami ba ya rage ruwan sama, wurin kwanansa kawai ake canzawa.

Game da doka, akwai ta tsara birane da ta auna illar ayyuka ga muhalli, duka na 1992, amma ta biyun ta fi kallon manyan ayyuka, alhali kududdufi tifa ɗaya ɗaya ake cike shi da bola da ɓaraguzai. Kariyar da ta fi ƙarfi ita ce a ware wurin a taswirar birni, hukuma kuma ta ƙi ba da izinin gini a kansa.

Ni kaina na taɓa ganin wata tsohuwa da asuba tana kwashe ruwa daga ɗakinta da kwanon sha, katifarta a shanye bisa katanga, abin bai bar zuciyata ba har yau. Amma Alhaji mai tambaya, ku ma da naku laifin, domin sharar da aka fara zubawa daga gidajen unguwa ta fito. Masu cewa kududdufi na kawo sauro, yara kuma na nutsewa, gaskiya suka faɗa, sai dai maganin wannan a yashe shi, a kewaye shi, a daina juya masa kwata. Inda ba a kai ga cike kududdufi ba tukuna, ku haɗu da mai unguwa ku rubuta koke zuwa hukumar, da sa hannun magidanta da hotunan wurin, tun kafin tifa ta farko ta iso.

Mai tambaya kan sare itatuwan gefen titi, ka yi haƙuri sai mako mai zuwa.